Ba Don Gizo Ba: Shin Mai Ƙaga Labarin Gobe Ya Yi Ƙarya?

A Zoza da sauran garuruwan ƙasar Rogo da Karaye, kamar ko'ina a ƙasar Hausa, tatsuniya tana da ƙofar shiga, tana da ƙofar fita. Tsohuwa za ta ce ga ta nan ga ta nanku, yara su amsa ta zo mu ji ta, sannan Gizo da Ƙoƙi su fito, kura ta yi magana, Dodo ya haɗiye gari guda, a farke cikinsa mutane su fito da ransu. In an kai ƙarshe sai ta ce ƙurunƙus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya. Wannan jimlar da yara ke ji suna gyangyaɗi tana ɗauke da hukunci a kan mas'alar da har yau ake jayayya a kanta a zauruka da makarantu: wanda ya ƙaga abin da bai faru ba, ya raɗa wa mutanensa suna, ya ba su gari da iyaye, shin maƙaryaci ne? Kakanninmu sun amsa cewa akwai wani fage, fagen Gizo, wanda in an shiga cikinsa da sanin kowa, faɗin abin da bai auku ba ya fita daga ƙarya. Ina ganin sun yi daidai, kuma hukuncin nasu ya game har da rubutun da aka fi yi wa kallon hadarin kaji, wato labaran al'ajabi na aljanu da sihiri, da ƙagaggun labaran kimiyya masu kai mutum sararin samaniya ko su kai shi shekara hamsin nan gaba.

Shakkar ba sabuwa ba ce. A 1933, lokacin da Rupert East na Ofishin Fassara da ke Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai, babbar wahalar da ya ce ya sha ita ce shawo kan malamai su yarda aikin ya cancanci alƙalaminsu. A wurinsu tawada ta karatun addini ce da tarihi, labari kuwa hirar mata ce da yara. Duk da haka gasar ta haifi littattafai biyar da suka zama tushen ƙagaggen labarin Hausa na boko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, ɗan garin da ke maƙwabtaka da Karaye. Biyu daga cikinsu cike suke da al'ajabi. A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya shafe shekara goma sha biyar yana yawon duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, har ya shiga harkar aljanu kafin ya same shi. A Ganɗoki, jarumin da ya gwabza da Turawa lokacin da suka ci ƙasar nan ya ƙarasa yaƙinsa a duniyar aljanu tare da ɗansa Garba Gagare. To su wa suka rubuta waɗannan? Wa da ƙane ne, 'ya'yan alƙali, waɗanda suka tashi cikin littattafan Larabci. Bello Kagara ya zama Walin Katsina daga baya. Mutanen da suka fi kowa sanin nauyin ƙarya a shari'a su ne suka fara kawo aljanu cikin ƙagaggen labarin boko, kuma ba su ga sun saɓa wa karatunsu ba.

Dalilinsu yana nan cikin ma'anar ƙarya ita kanta. Ƙarya ita ce ka ba mutum labarin abu saɓanin yadda yake, da nufin ya ɗauka haka yake. Abu biyu ne suke haɗuwa a wurin, saɓa wa gaskiya da yaudarar mai saurare, in aka cire na biyun na farkon ba ya tsayawa shi kaɗai. Duk almajirin da ya fara nahawu ya ji ana cewa Zaidu ya bugi Amru. Shekaru aru-aru ke nan Zaidu yana dukan Amru a kowane zaure daga Basra zuwa Katsina, ba a taɓa kai ƙara gaban alƙali ba, ba wanda kuma ya ce malamin nahawu ya yi wa wani ƙazafi, domin kowa ya san misali ne. Haka abin yake a fiƙihu. Malaman Kufa, musamman Imam Abu Hanifa da almajiransa, sun shahara da ƙaddara mas'alar da ba ta riga ta auku ba, su ce da za a ce kaza ya faru, mene ne hukuncinsa, don a shirya wa abu kafin ya iso. Wasu malamai sun ƙi wannan hanya, Imam Malik ma ba ya son yawan tambaya a kan abin da bai faru ba, amma ƙinsu na gudun ɓata lokaci ne da zurfafa bincike, ba su kira ta ƙarya ba. Mafi kusa da batunmu shi ne Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, mai Muƙamai hamsin da ɗaliban ilimi ke karantawa a zaurukan Kano da Zariya don ƙwarewa a lugga. Abu Zaidu da Harisu, taurarin littafin, ƙagaggun mutane ne. Hariri ya san za a zarge shi, sai ya kare kansa tun a gabatarwa da cewa nasa bai bambanta da labaran da ake sa wa a bakin dabbobi ba, waɗanda ba a taɓa jin an ɗora wa mai ba da su zunubi ba, kuma ayyuka da niyya suke. Abubakar Imam ya faɗa da bakinsa cewa daga waɗannan mutum biyu ya samo dabarar haɗa Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja. Ke nan silsilar ƙagaggen labarinmu ta bi ta zaure kafin ta shiga aji.

Mai musu zai kawo hujja biyu, kuma dukkansu masu nauyi ne. Ta farko hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, wanda ya yi narko ga mai yin ƙarya don ya ba mutane dariya. Ta biyu aya ta 6 a Suratu Luƙman, wadda ta zargi mai sayen zancen shagala, kuma wasu malaman tafsiri sun danganta saukarta da Nadru ɗan Harisu, Baƙuraishen da ya koyo labaran Farisa na Rustum da Isfandiyar ya riƙa tara mutane a Makka yana ba su. A ganin mai musu, Rustum da Ganɗoki duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Sai dai in aka duba abin da Nadru ya yi, za a ga laifinsa ba ya cikin jin labarin jarumai. Yakan zauna a wurin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tashi, ya ce wa mutane labarinsa ya fi daɗi, don ya janye su daga sauraron Alƙur'ani. Ayar ma ta ɗaure zargin da manufar ɓatar da mutane daga hanyar Allah. Hadisin kuwa ya fi dacewa da mutumin da zai zauna a majalisa ya ce jiya wane ya yi kaza, ana dariya ana ɗauka da gaske ne, mutuncin wanen yana zubewa. Wanda ya rubuta ƙagaggen labari a bangon littafinsa ya riga ya ce ga ta nan ga ta nanku. Shagala kam gaskiya ce, mutum yana iya raba dare a kan littafin yaƙi asuba ta wuce shi, amma hira a bakin shagon mai shayi ma tana yin haka, kuma ba a ce hira haramun ce ba.

Akwai zargin da ya keɓanta da labarin kimiyya, shi ne kutse cikin gaibu. Alƙur'ani ya bayyana a ƙarshen Suratu Luƙman cewa rai bai san abin da zai aikata gobe ba, to ina dalilin da ɗan'adam zai zauna yana zana duniyar 2070? A nan ya kamata a raba tsakanin ɗan duba da mai lissafi. Ɗan duba yana buga ƙasa ya ce abu kaza zai faru, yana da'awar ya leƙa abin da aka rufe. Manomin Zoza da ya ga damina ta yi gardama a wasu wurare, ya ƙi sayar da masararsa da kaka ya ajiye ta zuwa bazara, bai yi duba ba, alamun da ke gabansa ya karanta, kuma yana iya yin kuskure ya yi asara. Marubucin labarin kimiyya ɗan'uwan manomin ne. Babban misali ita ce Octavia Butler, baƙar fatar Amurka da ta rasu a 2006. A 1993 ta fitar da Parable of the Sower, labarin da ya fara a shekarar 2024 a Kalifoniya, inda fari ya yi tsanani, ruwa ya yi tsada, unguwanni suka kewaye kansu da katanga, gobara tana cin gidaje. Da gobarar daji ta cinye babban yanki na Altadena a Janairun 2025, garin da kabarinta yake, sai mutane suka yi ta cewa matar nan ta hango. Ita kuwa tun tana raye ta ƙi wannan kirari. Bayaninta shi ne matsalolin da ake sakaci da su a zamaninta ta duba, ta ba su kimanin shekara talatin su girma. Wannan shi ne da za a ce na malaman Kufa, an sa masa riga da wando an ba shi suna. Tun ƙarni na 13 ma Ibn Nafis, likitan Alƙahira kuma masanin fiƙihun Shafi'iyya wanda ya fara bayyana yadda jini ke bi ta huhu, ya rubuta Risalatul Kamiliyya, labarin wani mutum da ya samu kansa shi kaɗai a tsibiri ya gano gaskiyar addini da hankalinsa, kuma ya rubuta shi ne don kare aƙida.

Halacci abu ne guda, buƙata abu ne daban, kuma a nan tarihin baƙaƙen marubuta ke da abin koya mana. An daɗe ana rubuta labaran gobe a Turai da Amurka ba tare da baƙin mutum ko ɗaya a ciki ba, kamar dai an yanke cewa ba za mu kai goben ba. A 1967 John Campbell, editan mujallar Analog, ya mayar wa Samuel Delany labarinsa Nova, bisa hujjar cewa masu karatunsa ba za su iya da baƙin tauraro ba. Tun kafin nan, a 1920, W. E. B. Du Bois ya rubuta gajeren labarin The Comet, inda tauraruwa mai wutsiya ta hallaka mutanen New York aka bar baƙin namiji da farar mace, don a ga ko wariyar launi za ta rayu in babu masu gadinta. Ta rayu, domin da sauran mutane suka dawo komai ya koma yadda yake. Butler a Kindred na 1979 ta ɗauko baƙar mace daga 1976 ta jefa ta gandun bayi na Maryland a farkon ƙarni na 19, inda dole ta ceci ran farin kakanta mai bayi, in ba haka ba ita ma ba za a haife ta ba. Littafin tarihi zai ba ka shekara da adadi, amma wannan dabara ta komawa baya tana sa mai karatu ya tambayi kansa, da ni ne me zan yi, tambayar da ita ce mafarin tausayi. Steven Barnes ya juya tarihin gaba ɗaya a Lion's Blood na 2002, inda Musulmin Afirka suka mallaki Amurka, Turawa suka zama bayi, kuma bai wanke masu mulkin ba don sun zama namu. Daga baya N. K. Jemisin ta ci kyautar Hugo ta littafi mafi kyau sau uku a jere, 2016, 2017 da 2018, abin da ba wanda ya taɓa yi kafin ita. 'Yan Nijeriya ma sun shiga fagen. Tade Thompson ya ci kyautar Arthur C. Clarke a 2019 da Rosewater, labarin baƙin halittu a Nijeriyar 2066. Nnedi Okorafor, 'yar Ibo haifaffiyar Amurka, ta kafa The Shadow Speaker na 2007 a Jamhuriyar Nijar ta shekarar 2070, a maƙwabtanmu ke nan. Wata ta zo daga nesa ta zana goben Sahel da Turanci, mu da muke zaune a cikinsa muna ta gardamar ko ya halatta.

Ganɗoki ma, in an lura, irin wannan aikin ya yi. Shekara talatin bayan faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903, Bello Kagara ya ba mutanen da aka ci da yaƙi wani fili inda takobinsu yake ci har yanzu, sannan ya dawo da jarumin gida ya tarar da sabuwar duniya dole ya zauna da ita. A Kudu, D. O. Fagunwa ya yi wa Yarabawa makamancin haka a 1938 da labarin maharbi a dajin iskoki.

Sauran hujja guda, wadda a ganina ta fi duka ƙarfi, kuma ba zan ce na rushe ta gaba ɗaya ba. Baturen da ke karanta labarin maye ko aljana ya ɗauke su abin wasa. Mu kuwa aljanu gaskiya ne a aƙidarmu, akwai sura sukutum da sunansu, sihiri ma akwai shi kuma yinsa kafirci ne. Katangar da ke tsakanin fagen Gizo da rayuwa ta fi siranta a wurinmu. Yaron da ya karanta littattafai ashirin inda jarumi ke cin nasara da hatimin boka da taimakon sarkin aljanu, mai yiwuwa ne ya fito da tunanin cewa ta nan ake samun nasara, ga kuma bokan nan a bayan gari yana jiran kuɗinsa. Haka nan littattafan waje ba duka ne suka dace da tauhidi ba. A cikin Parable of the Sower ɗin da na yaba, yarinyar labarin ta ƙirƙiro sabon addini wanda ya mayar da sauyi abin bauta, Musulmi ba zai karɓi wannan ba. Amma a lura da inda hujjar ta kai mu. Ta bar maganar ƙaga labari ta koma kan abin da labarin yake koyarwa, kuma wannan ma'auni ne da ake auna kowace magana da shi, har wa'azi. Labarin da ya nuna boka mai biyan buƙata ne ya yi ɓarna. Wanda ya nuna aljanu halittu ne masu iyaka, kamar yadda Suratu Saba'i ta ba da labarin yadda suka ci gaba da wahala ba su san Annabi Sulaimanu ya rasu ba sai da gara ta cinye sandarsa, wannan ya ƙarfafa aƙida fiye da yadda ƙona littafi zai yi. An ƙona littattafan hikaya a bainar jama'a a Kano a 2007, ba a daina rubutawa ba, sun ma koma cikin waya inda ba mai tace su. Littafin Butler kuwa, mai hankali yana karanta shi kamar yadda magabata suka karanta Aristotal, su ɗauki lissafin su bar aƙidar.

Laifin da nake gani a namu rubutun na daban ne, lalaci ne. Littattafan yaƙi da suka cika kasuwa tun daga shekarun 1990, waɗanda Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya fi shahara da su, sun tara ɗimbin masu karatu, yanzu ma ana sauraronsu a YouTube, kuma sun riƙe matasa da yawa a kan karatun Hausa, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Sai dai mafi yawan irin waɗannan labarai suna faruwa ne a wasu birane masu sunayen Larabawa, a wani zamani da ba shi da shekara, kuma in jarumi ya shiga tsaka mai wuya takobin tsafi ne ke fitar da shi. Ba kasafai ake samun wanda ya tsira don ya san lissafi, ko ya fahimci ƙasa da ruwa ba. Alhali an taɓa nuna mana hanya. A 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, aka buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a Zariya, inda yaro Kilba ya yi tafiya cikin sararin samaniya tare da wani baƙon halitta mai suna Kolin Koliyo. Abin mamaki, sunan littafin daidai yake da na labarin Du Bois, ko da yake kowa da inda ya dosa. Fiye da shekara hamsin ke nan, Dembo bai samu magada da yawa ba.

Kayan aikin kuwa ga su nan a ƙofar gida. Madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Karaye, wadda aka kammala a 1992, ita da ta Tiga ta 1974, sun sauya yadda ruwa ke sauka zuwa fadamun Haɗeja da Nguru, ambaliyar da manoma da masunta suka saba da ita ta canja, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Wanda ya gina bangon a nan bai zauna da wanda gonarsa ta mutu a can ba. Da wani ya rubuta labarin masuncin Nguru na shekara talatin gaba tun ana haƙa harsashi, da aƙalla an yi tambayar. Yau tambayoyin sun fi yawa: yaya Rogo za ta kasance in rijiyoyin burtsatse sun ƙafe, wa zai mallaki irin masara in kowace shekara sai an sayo sabo, me zai faru da makarantar allo in na'ura ta iya biya wa yaro karatu, kuma wa zai ɗauki alhakin fatawar da na'ura ta bayar. Kowace daga cikinsu mas'ala ce ta fiƙihu kuma labari ce. Ina kira ga malamanmu su karanta irin wannan rubutu kafin su yanke masa hukunci, ga marubutanmu kuma, musamman matasan Karaye da Rogo da suka haɗa allo da boko, su dawo da jarumin daga waɗancan birane masu sunayen Larabawa, su ajiye shi a Zoza ta shekarar 2070, su ba shi matsalar da laya ba ta warwarewa.